Guzurin lakwal ga yaron da jikinsa bai karɓar wani abinci: abin da ya kamata uwaye su sani



Komawa lakwal a watan Oktoba kullum tana haɗuwa da kaka. Lokacin ne gyaɗa, wadda da yawanmu ke ce ma gujiya, take cika kasuwanni tun daga Bangi da Sabon Gida har Tamaske da Ibohaman, lokacin ne kuma mata masu talla ke jera tire a ƙofar lakwal: ƙosai, awara, kwaɗo, fanke, ƙuli-ƙuli, fara soyayya. Ga yawancin ɗiyanmu wannan alheri ne, dala biyar ko goma ta isa yaro ya kashe yunwa lokacin rekire. Amma akwai yara ƴan kaɗan da loma guda ta wani abinci kan iya tada musu jiki, wani lokaci har ta tsuke musu numfashi. Wannan rubutu dominsu ne. Mun tattara a ciki yadda ake gane matsalar, wuraren da abincin ke ɓuya, irin guzurin da za a iya haɗawa da kayan da ke gidajenmu, da abin da za a yi idan abin ya tashi yaro yana lakwal.

Mene ne alerji na abinci

Likitoci na kiransa alerji. A Hausance mukan ce jikin yaro bai jituwa da abu kaza, ko mu ce abu kaza yana sa mishi borin jini. Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta ɗauki wani sinadari da ke cikin abinci a matsayin abokin gaba. Duk sa'ad da yaron ya ci, jiki sai ya saki wasu sinadarai, babba daga cikinsu histamin, su ne ke kawo ƙaiƙayi da kumburi.

Abubuwa biyu ya kamata a riƙe. Na farko, ba sai yaro ya ci da yawa ba. Ɗan garin ƙuli-ƙuli da ke cikin yaji, ko ragowar da ta manne a ludayi, na iya isa. Na biyu, dahuwa ba ta kashe abin. Gyaɗa ɗanya, dafaffiya, soyayya ko daka, duk ɗaya ne ga yaron da jikinsa bai karɓarta.

Abincin da anka fi sani da wannan matsala a duniya su ne madara, ƙwai, gyaɗa, ƴaƴan itace masu ɓawo irin kashu, alkama, waken soya, kifi, jatan lande da danginsa, sai riɗi. Yara da yawa sukan rabu da alerjin madara da na ƙwai idan sunka girma. Na gyaɗa ya fi naci: kamar yaro ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi.

Alerji ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Ba kambun baka ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba tsirfa ba ce irin ta yaron da ke zaɓen abinci. Ya fi samuwa ga yaran da ke da asma ko ƙurajen fata masu ƙaiƙayi tun suna goyo, da gidajen da uwaye ke da irin waɗannan larurori.

Alamomin da za a lura da su

Alamomin sukan fito da wuri, daga ƴan mintoci zuwa awa biyu bayan cin abincin. Masu sauƙi su ne borin jini a fata, ƙaiƙayin baki, kumburin leɓe ko fatar ido, ciwon ciki da amai. Ƙaramin yaro ba zai ce yana da alerji ba. Zai ce bakinsa na zafi, ko harshensa ya yi nauyi, ko wani abu ya tsaya mishi a wuya, ko a gan shi yana sosa harshe da hannu.

Masu haɗari, waɗanda ba a jira da su ko minti guda, su ne:

kumburin harshe ko maƙogwaro, da dushewar murya;
tari mai naci, numfashi da ƙyar ko da ƙara kamar usur;
jiri, jiki ya saki, yaro ya yi fari fat ko ya suma;
amai a kai a kai tare da borin jini ko'ina a jiki.

Wannan shi likitoci ke kira anafilaksi, kuma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Yaron da karon farko borin jini kawai ya yi mishi, ba a da tabbacin karo na gaba zai tsaya nan.

Kada a ɗora wa kowane ciwon ciki sunan alerji

Nan ne ya kamata mu tsaya da kyau, domin a yankinmu tamowa ta fi alerji yawa nesa ba kusa ba. Gyaɗa, wake, nono da ƙwai su ne abincin gina jiki da talaka ke iya samu. Hana yaro su ba tare da dalili ba cutarwa ce.

Yaron da cikinsa ke kumbura yana ƙugi, ko ya yi zawo bayan ya sha madarar gari, sau da yawa sukarin da ke cikin madara ne cikinsa bai iya narkarwa. Wannan yana da damuwa amma bai tsuke numfashi, kuma irin waɗannan yara sukan sha nono mai tsami lafiya lau. Haka idan yara uku ko huɗu sunka ci abu ɗaya duk sunka kama amai, abincin ne ya lalace. Alerji mutum ɗaya yake kamawa, kuma yakan maimaita kansa duk lokacin da anka ci wancan abin.

Wani bincike da anka wallafa a 2013 kan ƴan makaranta kusan 1,600 a ƙasar Gana ya nuna cewa gwajin jini ya nuna alamar alerjin gyaɗa ga yara sama da 17 cikin ɗari, alhali waɗanda sunka ce gyaɗa na tada musu jiki ba su kai 2 cikin ɗari ba. Masu binciken sun alaƙanta bambancin da tsutsar da ke kawo tsargiya, wadda ke ruɗa gwajin. Wato gwajin jini shi kaɗai bai isa ba, labarin abin da ya faru da yaron shi ne jigo. A Ingila kuma, binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa jariran da anka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alerjinta da kusan kashi 80 cikin ɗari, idan anka gwada da waɗanda anka hana. Ke nan al'adarmu ta sa gyaɗa cikin kunun yaye abu ne mai kyau, kuma ƙannen yaro mai alerji ba a hana su haka kawai ba tare da shawarar likita ba.

Saboda haka, idan ana zargi, a rubuta ko a riƙe abin da yaro ya ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya, a kai wa majo na CSI mafi kusa. Shi zai duba ko sai an tura asibitin gunduma, ko babban asibitin Tawa. Kada a sake gwada abincin a gida don a tabbatar. Idan an tabbatar, a nemi a rubuta shi a karnen asibitin yaron.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Gyaɗa ita ce ta fi wuyar kaucewa a ƙasarmu, don ba kullum ake ganinta da ido ba.

Ƙuli-ƙuli da tunkuza suna cikin yajin tsire da na balangu, da yajin da ake barbaɗawa a ɗanwake, dankali, rogo, ƙosai da fara. Labun kilishi da gyaɗa ake haɗa shi. Kwaɗon zogale, na rama da na kabeji, kusan duka da garin ƙuli ake yi. Miyar taushe, miyar alayyafo da ta yakuwa sau da yawa akan sa musu markaɗaɗɗiyar gyaɗa don su yi kauri. Ga kunun gyaɗa, ga alawa, ga daƙuwa.

Sai man gyaɗa. Wanda mata ke matsewa a gida ba a tace shi yadda masana'anta ke yi ba, sinadarin da ke tada jiki yana nan cikinsa. Ƙosai, masa ko awarar da anka soya da shi ba su dace da yaron ba, ko da babu gyaɗa a ƙullun. Man da ake aunawa a kwalba a kasuwa kuma ba a sanin asalinsa, wani lokaci gauraye ne. Ya fi kyau a ware wa yaron man da anka san daga ina ya fito, kamar manja, ko man da ke cikin jarka mai takarda a jiki.

Injin niƙa ma wuri ne da ake mantawa da shi. Injin da ya markaɗa gyaɗar wata yanzu, shi zai markaɗa waken wata. Ga yaron da abinsa ke da tsanani, a daka a turmin gida da anka wanke, ko a roƙi mai inji ya wanke kafin ya zuba.

Abincin tallafi na yara masu tamowa ma a kula da shi. Plumpy'Nut, wanda anka ƙirƙira a Faransa a 1996 kuma anka san shi sosai a Nijar tun yunwar 2005, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai. Danginsa irin Plumpy'Sup ma da gyaɗa ake yin su. Garin Misola yana da hatsi, waken soya da gyaɗa. Waɗannan sun ceci rayukan yara masu yawa, amma uwar da ta san ɗanta na da alerji ta faɗa wa ma'aikatan tun kafin a miƙa mata, su ne za su san abin da za su ba shi a madadi. Kuma tunda ƙanne da yayye sukan lasa tare, a ɓoye ledar daga yaron da bai karɓar gyaɗa.

Sauran abincin da wuraren ɓuyarsu

Madara: nono, kindirmo, man shanu, cuku, yawur, alawar madara, shayi da madara, da biskit masu yawa. Yaron da bai karɓar nonon saniya galibi bai karɓar na akuya da na tunkiya ma, don haka kada a sauya da su. Ƙwarya da ludayin da anka dama hura da nono, a wanke su kafin a dama tasa.

Ƙwai: wainar ƙwai, mayonez da ake shafawa a burodi, kek, cincin, biskit. Wasu masu talla sukan fasa ƙwai a alale ko a ƙullun fanke.

Alkama: burodi, taliya, makaroni, kuskus na leda, fanke, biskit. Ɗanwake da masa na talla wani lokaci akan ƙara musu fulawa. Hatsi, dawa, masara, shinkafa da rogo babu alkama cikinsu.

Waken soya: awara, madarar soya, daddawar soya, da garin kunu na tallafi da ake haɗawa da masara da soya. Wasu dunƙulen miya ma suna da soya ko alkama, sai an duba takardarsu.

Kifi da jatan lande: garin busasshen kifi a miya, sardin na gwangwani, da garin jatan lande da ke zuwa daga Najeriya. Wanda jatan lande ke tada wa jiki ya yi hattara da fara, domin suna da wani sinadari mai kama da juna.

Riɗi: kantu, man riɗi, da miyar riɗi.

Ƙa'idojin haɗa guzuri

A fara da na yaron. Kafin a taɓa gyaɗa, nono ko ƙwai na sauran gida, a haɗa nasa, a rufe, a ajiye gefe.

A wanke hannu da sabulu, haka tukunya, muciya, turmi da kwano. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta fitar da maiƙon gyaɗa.

A ware mishi kwanonsa mai murfi, da cokalinsa, da gorar ruwansa. A ɗaura wa kwanon zare mai launi ko a rubuta sunansa, don kar ya haɗu da na ƴan uwansa.

A yi mishi nasa yajin: barkono, gishiri, citta, kanumfari da tafarnuwa, babu ƙuli. A zuba a ƙaramar kwalba da ba a taɓa sa wani yaji ba. Wannan kwalba kaɗai tana magance rabin matsalar, don yaro ba zai ji abincinsa lami ba balle ya roƙi na wani.

Kada a fara gwada sabon abinci a guzurin lakwal. Abin da za a sa ya zama wanda yaron ya saba ci a gida lafiya.

Guzurin ya ƙosar. Yaron da ke jin yunwa shi ke miƙa hannu a kwanon aboki. A haɗa abu mai riƙe ciki, da abu mai gina jiki, da ɗan itace ko ganye.

Misalan guzuri da kayan gida

Ga yaron da bai karɓar gyaɗa: dafaffen dankali ko rogo da yajin gida. Shinkafa da wake da soyayyar albasa da ɗan manja, albasa kuwa ba mu rasa ta a kwarin Madawa da na Keita ba. Dambun zogale. Ƙosai ko masar hatsi da anka soya a gida da man da anka sani. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa. Yawancin yaran da ba su karɓar gyaɗa suna cin wake lafiya, idan ya saba ci a ci gaba da ba shi. Kwaɗo kuma ana iya yin shi da tumatir, albasa, lemun tsami da ɗan mai. Idan yaron ya saba cin riɗi ba matsala, soyayyen riɗi da anka daka yana maye gurbin ƙuli.

Ga wanda bai karɓar madara: hura da anka dama da ruwan tsamiya ko garin ƴaƴan kuka da ɗan sukari, kunun tsamiya, kunun kanwa, kunun gyaɗa ba madara, dafaffen wake, alale. Tunda ya rasa nono, a yawaita mishi zogale, miyar kuka, wake, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, don ƙashinsa.

Ga wanda bai karɓar ƙwai: kusan duk abincin gargajiyarmu ya dace da shi. Abin kiyayewa shi ne kayan fulawa na saye da burodi mai mayonez.

Ga wanda bai karɓar alkama: masar hatsi ko ta shinkafa ta gida, dambun masara, ɗanwaken garin wake da rogo, ɗumamen tuwo, garin rogo da ƙuli idan gyaɗa ba ta damunsa.

Abin taɓawa kuma, wanda ba ya buƙatar wuta: dabino, aya, magarya, goruba, gwaba, lemu, karas, mangwaro a lokacinsa. Aya ba dangin gyaɗa ba ce, amma daƙuwar aya wasu sukan haɗa ta da gyaɗa, a tambaya.

Zafi da ajiya

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, aji kuwa wasu na kwano ne, wasu runfar kara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da sanyi ko zafin wuta ba. Don haka abin da ke da ruwa ko mai, kamar shinkafa da wake, alale da kwaɗo, a dafa shi da safen, a ci shi a rekire na farko. Abin da zai kai rana ya zama busasshe, ko ɗan itace da ba a yanka ba. Kankana da mangwaro yankakku ba su jimre zafi. Ɗumame sai ya tafasa sosai kafin a zuba. Yara da ke tahowa daga ƙauyuka masu nisa, waɗanda ba su komawa gida da rana, a raba musu guzuri biyu: dafaffe na safe, busasshe na rana.

Mushe, kantin da masu talla

Guzuri mai kyau bai isa ba idan mutanen lakwal ba su san komai ba. Tun makon farko, uba ko uwa su tahi da kansu su ga direkta da mushen ajin. A faɗi sunan abincin, da alamomin, da lambar wayar mutum biyu na gida, da CSI da za a kai yaron. A bar takarda a rubuce, don malamai na canzawa. A sanar da malamin makarantar allo ma, domin can ma ana rabon sadaka ana ci tare.

Lakwal masu kantin, waɗanda gwamnati da hukumar PAM ke tallafawa, galibi hatsi ko shinkafa da wake da mai suke dafawa, wani lokaci da kunun garin masara da soya. A tambayi masu dahuwa abin da ke shiga tukunya, har da mai da kayan miya da ake ƙarawa daga gari. Kwamitin kula da lakwal, wato COGES ko CGDES, da ƙungiyar uwaye mata ta AME, su ne wurin da ya dace a kai maganar, tunda su ke sa ido kan kantin da masu talla. Nijar ce ta karɓi bikin farko na Ranar Ciyar da Ƴan Makaranta ta Afirka, a Yamai, ranar 1 ga Maris 2016. Yaron da ke da alerji ma yana da haƙƙi cikin wannan ciyarwa. A Faransa, lakwal da uwaye da likita sukan sa hannu a wata takarda da ake kira PAI, wadda ke ba yaro damar zuwa da kwanonsa daga gida ya ci tare da ƴan ajinsu. Wannan abu ne da za mu iya yi da takarda ɗaya da biro.

Masu talla uwayenmu ne da maƙwabtanmu, ba mai son ta cuci ɗan wani. A kai yaron a nuna musu shi, a ce: Inna, wanga yaro ko ya miƙo kuɗi kar a ba shi abin da ke da ƙuli ko man gyaɗa. Idan akwai wadda anka yarda da ita, ana iya biyanta na mako ta riƙa ware mishi dankali ko ɗan itace.

Cin kwano ɗaya da miƙa wa aboki loma tarbiyya ce da muke alfahari da ita, shi ya sa yaro ke jin kunyar ƙin karɓa. A koya mishi amsa gajera wadda ba ta da raini: na gode, likita ya hana ni. Mushe kuma ya bayyana wa ƴan aji, don kar a mai da shi abin tsokana, kar kuma wani ya sa mishi a ɓoye da sunan wasa. Ya zauna cikin abokansa ya ci nasa, a wanke hannu kafin da bayan ci.

Ga ƴan uwa da ke waje

Idan kuna aiko da biskit, cakulan ko garin kunu, ku karanta jikin takarda. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta nuna abubuwa 14 masu kawo alerji tun Disamba 2014. A Amurka guda 9 ne, bayan an ƙara riɗi daga 1 ga Janairu 2023. A kayan da ke da rubutun Faransanci a nemi arachide ko cacahuète don gyaɗa, lait don madara, œuf don ƙwai, blé don alkama, soja, sésame da poisson. A kayan Najeriya da Gana kalmomin su ne groundnut ko peanut, milk, egg, wheat da soya. Idan an ga peut contenir des traces, ma'ana ana iya samun ɓurɓushi, a bar shi.

Waɗanda ke kawo ɗiyansu haihuwar Turai hutu gida, ku sanar da kakanni tun kafin ku iso, ku zo da maganin yaron. Mu kuma na gida kar mu ce tsirfar Turawa ce mu ɗanɗana mishi don ya saba. Allurar adirenalin mai kama da biro, irin EpiPen ko Anapen, da takardar likita ake samunta, bisa nauyin yaro. Tana da ranar ƙarewa, kuma zafi na lalata ta, don haka ba a barinta a mota ko a rana.

Idan abin ya tashi a lakwal

A tsayar da cin abincin nan take. Idan borin jini ne kawai ko ƙaiƙayin baki, a kira uwaye, a ba shi maganin ƙaiƙayin da likita ya rubuta mishi in akwai, wani babba ya zauna da shi yana lura, a kai shi CSI a duba.

Idan akwai ko ɗaya daga alamomin haɗari, maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, kuma da gaggawa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro. In yaron na da allurarsa a yi mishi nan take, ko ta kan wando. In babu, a nemi babur ko mota zuwa CSI ko asibiti mafi kusa, ba sai an jira uwaye ba, a buga musu waya a hanya. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ke ba shi wuya a bar shi zaune a jingine, in yana amai ko ya suma a juya shi ta gefe. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa. Kada a ɗura mishi manja, nono ko jiƙo, kada a sa mishi yatsa a baki don ya yi amai. Da isa a faɗa wa ma'aikaci abin da ya ci da lokacin da ya ci. Ko ya warware, ya zauna asibiti har su sallame shi, domin abin kan dawo bayan wasu awoyi.

Uwayen da ke ƙauyukan da ke nesa da asibiti, a Karofan ne ko Garhanga ko Urno, su tambayi majo tun yanzu ko akwai adirenalin a wurinsa, su kuma ajiye lambar mai babur da za a iya kira kowane lokaci, a ba mushe ita ma.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba, musamman uwaye mata da kakanni, tunda su ke riƙe da tukunya. Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani.